Ranar da Na Jera 'Yan Dakon Karantina a Layi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, kafin ya gama tauna dabinon da aka miƙa masa sai ya ce, "Alhaji Garba, yaya ƙasar take?" Ni kuwa in ba da labarin teku da zafin rana, in ja bakina in yi shiru. Abokina Malam Sule ne ya gano ni. Ya ce, "Akawu, kai da ba ka iya gajeren labari ba, yau kai ne da taƙaitawa? Akwai abin da ka baro a Jidda." Gaskiyarsa. Akwai wani bawan Allah, Malam Idi, da ya shekara goma sha tara a can da iyalinsa ba shi da takardar zama, bai taɓa shiga hannun hukuma ba sai da na je da wannan baki nawa. Bari in faɗa tun daga tushe, ko na samu sauƙi.

Kun dai san halin da na bar Funtuwa a ciki. Jam'iyyarmu za ta tsayar da ɗan takarar majalisar gunduma. Ni ne magatakardan reshe, ni na bi kasuwannin ƙauye a kan keke ina raba kati, har 'yan awon auduga sun fara ce mini "ranka ya daɗe" da wasa. Ranar da za a fitar da suna, mutum biyar suka shiga zauren shugaban reshe, suka saki asabari, suka aika a kawo goro. Da suka fito, sunan surukin shugaba suka kira. Na ce a tara 'yan jam'iyya a fili, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, ƙato bayan ƙato, a ƙirga a gaban kowa. Aka ce ba ni da ladabi. Da wannan ɗaci na ɗaure akwatina, kuma ko da na ce na yafe kafin in tashi, a baki ne kawai.

Daga Kano muka hau babbar mota mai bodin katako, mu kusan arba'in, da buhunan gero da garwar man gyaɗa da tabarmi. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Malumfashi, Gwaggo Tasalla, da ƙullin daddawa a cinyarta, ta ce ko za a kashe ta ba za a ɗora shi saman kaya ba. Kafin mu kai Maiduguri na ba ta labarin mutum biyar ɗin nan sau uku. A na ukun ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, hajji za ka, ko ƙara za ka kai?"

Bayan mun wuce Fallomi hanya ta zama rairayi. Mota ta kafe, mu sauka mu tura, mu hau, ta sake kafewa. A nan rigima ta tashi kan ruwan sha, don duro ɗaya ne, kowa kuma yana ganin wani ya fi shi ɗiba. Aka ce a naɗa madugu ya riƙe moɗa. Na ce a raina, to ga dama ta samu. Na hau kan taya na yi musu bayanin zaɓe ta hanyar layi. Na tsaya nan, wani tsoho mai shiru-shiru, Malam Buba, ya tsaya can. Mutum uku ne suka tsaya a bayana, ɗaya ma inuwar mota ya biyo. Gwaggo Tasalla ta yi dariya har da hawaye. Amma Malam Buba ya raba ruwa daidai wa daida har muka fita daga rairayin, ba wanda ya ƙara ɗaga murya. Ni na faɗi zaɓe, amma hanyata ta ci, kaina kuwa ya ƙara kumbura.

A Adare, bakin iyakar Sudan, ma'aikacin lafiya ya karɓi katin allurata ya ɗaga shi sama da yatsa biyu. Ashe man gyaɗa ya tsiyaye a kansa, hatimin ya narke. Ni ba Larabci, shi ba Hausa, sai nuni. Ya nuna dantsena, ya sake tsira mini wata. Kwana uku hannun na kumbure, ko riga Malam Buba ke sa mini. A Junaina muka sauka a zangon wani Bahaushe wanda kakansa ya taho hajji bai ƙarasa ba. Aka kawo mana kisra, wani abu fale-fale kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na tattara shi ina ƙoƙarin mulmula loma irin ta tuwo, mai zango ya kau da kai don kada in ga yana dariya. Gaisuwarsu ma daban take: mutum ya dafa kafaɗarka, ka dafa tasa, sannan ku yi hannu. Karon farko da aka kawo mini hannu, a daidai kumburin ya sauka, sai da na yi ƙara. Da za mu tashi mai zangon ya ba ni wasiƙa zuwa ga wani ɗan'uwansa a Jidda, Baffa Hamidu.

Daga Niyala muka shiga jirgin ƙasa, wanda ba ruwansa da sauri. Mutane har a kan rufinsa, da awakinsu. Muka wuce Hartum, muka isa Sawakin, aka killace mu kwanaki ana duba lafiyarmu, sannan muka hau jirgin ruwa. Ni da na yi ta gaya wa mutane kada su ji tsoron teku, ni na fara kwanciya da amai. Gwaggo Tasalla ce ta ba ni lemon tsami in tsotsa, tana cewa, "Sannu, ɗan siyasa."

Da hantsi muka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ina tsaye da wasiƙa a hannu ina zare ido, sai na ji an ce a bayana, "Malam, kawo akwatin nan, ba haka ake ɗaukarsa ba." Hausar Katsina tsantsa! Na juya na ga wani siriri mai furfura a gemu, da gammo a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi. Shi ne Malam Idi. Mutumin Bakori ne, da ƙafa ya taho tun yana saurayi. Na karanta masa sunan da ke bayan wasiƙar, ya ce, "Ai Baffa maƙwabcina ne, katanga ɗaya."

Karantina unguwa ce a kudancin gari, gidajen katako da buɗaɗɗun garewani, lunguna kamar na cikin birni. In ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a gida kake, sai dai kowace magana da "yalla" da "halas" na Larabawa a cikinta. Baffa Hamidu Bahaushen Sudan ne, dattijo mai shagon hatsi da kayan miya. Ya karanta wasiƙar, ya ce, "Ɗana, ga ɗaki." Bai ƙara tambayata komai ba. Da safe ful ake ci, wato dafaffen wake da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da yamma 'yan'uwanmu na gasa tsire a bakin hanya, Larabawa na rububin saye. Ranar farko Baffa ya zuba mini gahawa a ɗan mitsitsin kofi. Na shanye na miƙa, ya sake zubawa. Na shanye, ya sake. Ashe sai ka girgiza kofin za a san ka ƙoshi. Sai da na sha bakwai, sannan Malam Idi ya raɗa mini.

Kullum da safe Ladi matar Malam Idi takan aiko mini da kunun tsamiya, wai kada in manta gida. 'Ya'yansu uku duk haihuwar Jidda ne, ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Shi ya fahimtar da ni maganar iƙama, takardar zama, wadda ba ta samuwa sai kana da kafili, Balaraben da zai tsaya maka. Shi bai taɓa samu ba. Na ce to yaya yake yi? Ya ce, "Lokacin saukar alhazai ba mai tambayar kowa. Bayan hajji ne ake kame. Ni ba na tafiya cikin mutum fiye da uku, ba na tsayawa kallon faɗa, kuma rayyis ya san halina, sito na can baya yake tura ni, inda askar ba su leƙawa." Rayyis shi ne shugaban 'yan dako, mai raba aiki. Askar kuwa 'yan sanda.

Maganar hajji ba zan tsaya a kanta ba, malamai sun fi ni iya faɗi. Mun yi, Allah ya karɓa. Muka dawo Jidda aka ce jirginmu sai nan da mako uku. Da ma a ce washegari ya tashi.

A kwanakin nan rayyis ya rasu. Ɗan kwangilar da ke ɗaukar 'yan dakon, wani Balarabe, ya ce su kawo masa suna ɗaya ya sa hannu. Al'adarsu ita ce dattawa bakwai, kowane daga lungunsa, su zauna a ɗakin Baffa su fitar da mutum. Ana rade-radin Sani za su ba, ƙanin marigayin. Sai ga wani matashi ƙaƙƙarfa, Abdurrahim, haifaffen Jidda mai takardunsa cikakku, ya same ni a wurin mai tsire yana huci.

Ya kira ni kawu da Larabci, ya ce, "Ya Ammi, wallahi wannan zulum ne. Rayyis uku a jere, kulluhum gida ɗaya, surukan Baffa. Mu ke ɗaukar kaya a bayanmu, su suna shan shayi suna zaɓa. Halas, mun gaji!"

Kai! Kamar ya taɓa mini gyambo. Na zaunar da shi na ba shi labarin zauren Funtuwa, na ba shi na duron ruwa, na rage maganar mutum uku da suka tsaya bayana. Na ce a fita fili, shi ya tsaya, Sani ya tsaya, kowa ya bi wanda yake so, ni zan ƙirga tunda ni baƙo ne ba ni da kowa. Kafin magariba maganar ta cika unguwa. Sani ma ya ce ya yarda, don kada a ce tsoro ya ji.

Baffa ya kira ni ɗaki, ya zuba mini shayi. Ya ce, "Ɗana, ban ce zamanmu ba shi da aibi ba. Amma kafin mu shiga ɗakin nan kowannenmu sai ya bi gida-gida ya ji ta bakin mutanensa. Da yawa cikin masu ɗaukar kayan nan ba su da iƙama. Ba za su iya tsayawa a fili ba, da bakinmu suke magana. Ga shi bayan hajji ne. Nan ba a tara mutane."

Na ce, "Baffa, duk mai zaure haka yake faɗi."

Wallahi haka na ce masa, a ɗakinsa, da kofin shayinsa a hannuna. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya dube ni, ya ce, "To. Ku yi. Ni dai ba za ni ba."

Malam Idi ma ya ce ba za shi ba. Na same shi a ƙofar gida yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Ya ce, "Akawu, ni na riga na faɗa wa Baffa wanda nake so."

Na ce, "In sun shiga ɗaki, ka tabbata abin da ka faɗa shi yake faɗi?"

Ya dakata da shafa man. Ya ce, "Wannan kam ban sani ba."

Na ce, "Ka gani! Shekara goma sha tara wani na magana da bakinka, ba ka san me yake cewa ba. Kai ba mutum ba ne? Ko sau ɗaya ka tsaya da ƙafarka a ƙirga ka. Rabin sa'a ce fa."

Daga bayan labule Ladi ta ce, "Malam, kada ka je."

Na yi dariya na ce, "Haba Ladi, ni da kaina zan rako miki shi." Malam Idi ya ci gaba da murza gwiwa, amma na ga maganata ta shige shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a wani fili bayan siton katako. Mutane sun fi yadda na zata. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Layi biyu suka miƙe, Abdurrahim a gaban ɗaya, Sani a gaban ɗaya. Can tsakiyar layin Abdurrahim na hango Malam Idi, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya miƙe ƙyam kamar wanda za a ɗauka hoto. Na bi layi ina dafa kafaɗu ina ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Da na gama, tazarar ba ta da yawa. Mutanen Sani suka ce ba su yarda ba, wai akwai masu sayar da ruwa a cikin layin can, ba 'yan dako ba ne. Hayaniya ta tashi. Na ɗaga hannu na ce a sake daga farko, ba wanda zai ce Garba Akawu ya yi ha'inci.

Ina wucewa Malam Idi ya kama hannun rigata. Ya ce a hankali, "Akawu, ai an ƙirga ni. In tafi?"

Na ce, "Tsaya mana. In ka tafi lissafi ya ɓaci."

Ya tsaya.

Na gama layin Sani, na dawo na Abdurrahim, ban kai rabi ba sai ga motoci biyu sun shigo filin ta bakin sito. Askar suka diro suna cewa, "Iƙama! Iƙama!" Masu takarda suka tsaya cak suna laluben aljihu. Marasa takarda suka watse cikin lunguna, wasu suka haura katanga. Malam Idi ya yi taku kamar goma, gwiwar ta ƙi. Ina kallo aka riƙe shi ta wuyan farar rigar. Ni kuwa wani askari ya duba fasfona na alhaji ya miƙo mini, ya ce, "Yalla, ya hajji," ya nuna mini hanya. Ko marina bai yi ba. Da ya mare ni da na fi jin sauƙi.

Mutum tara aka tafi da su. Baffa, wanda ya ce ba za shi ba, shi ya sa rawani ya yi ta zirga-zirga kwana da kwanaki. Ya samo biyu, waɗanda aka sami Balaraben da ya yarda ya tsaya musu. Na Malam Idi ya gagara. Ɗan kwangila da ya ji labari ya ce ba ya son sunan kowa, ya kawo nasa rayyis daga waje, wanda ranar farko ya ce duk mai son aiki ya nuna takarda.

Sauran kwanakin da na yi a gidan Baffa su ne mafi tsawo a rayuwata. Bai kore ni ba, bai yi mini gori ba, shayi ma bai fasa zuba mini ba. Washegarin abin aka kawo kunu daga gidan Malam Idi kamar kullum, na zauna ina kallonsa har ya huce. Na je ƙofar gidan na yi sallama, na fara kame-kamen ba da haƙuri. Ladi ta bari na gama, sannan ta ce daga bayan labule, "Allah ya kai ka gida lafiya, Alhaji." 

Abdurrahim ya zo mini da ido ja, ya ce, "Ya Ammi, maganarmu gaskiya ce fa." Na ce gaskiya ce. Har gobe ina cewa mutum biyar ɗin Funtuwa sun cuce ni, kuma rayyis uku daga gida ɗaya ba daidai ba ne. Sai dai ni ban tsaya na tambayi wa zai iya tsayawa a fili, wa ba zai iya ba. An ma gaya mini, na ƙi ji. Faɗana da shugaban reshenmu na ɗauko tun daga gida, na zo na sauke shi a kan mutanen da suka ba ni ɗaki da kunu.

Ranar tashi Baffa ya rako ni har tasha, ya dafa kafaɗata irin ta mutanen Sudan, ya juya. Jirgin ruwa ya ɗaga, gari ya fara ja da baya. Gwaggo Tasalla ta zo ta taɓa ni ta ce, "Ɗan siyasa, je can baya ka ga bayin Allah." A ƙarshen jirgi an ja igiya, an zaunar da waɗanda aka koro, askari ɗaya na tsaye a kansu. Na gane shi tun daga nesa. Farar rigar ce dai a jikinsa, ta yi dauɗa, wuyanta a yage.

Na durƙusa a bakin igiyar. Na ce, "Malam Idi." 

Ya ce, "Akawu, ashe jirgi ɗaya muke. Ka ga su Ladi?"

Na ce na gan su, suna lafiya, Baffa na kula da su. Na ce ya yafe mini. Na ce in mun sauka ya biyo ni, zan kai shi har Bakori, in nema masa aikin awo.

Ya ce, "Wa na sani a Bakori? Gidana ga shi can a baya. A bakin ruwa a Sawakin zan zauna in yi dako, har Allah ya kawo hanyar komawa."

Injin jirgi na ta ruri a ƙarƙashinmu. Can ya matso kusa da igiyar, ya rage murya don kada askarin ya ji.

Ya ce, "Ni kuwa Akawu, wa ya ci?"

Na ce, "Ban gama ƙirgawa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya yana duban inda Jidda ta ɓace.